Shata na kwance a Daura, ina makaɗan? Makomar tawagar kiɗa bayan rasuwar jagora

A ranar Juma'a, 18 ga Yunin 1999, Alhaji Mamman Shata ya rasu a asibiti a Kano. Ba a kai gawarsa Musawa ba, inda aka haife shi a 1923. Ba a kuma kai ta Funtuwa ba, inda ya yi zama mai tsawo. Daura aka nufa da ita, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, a can aka yi masa sutura.

Fiye da shekara 25 ke nan, amma muryar ba ta bar gari ba. Ana jin ta a tashar mota da teburin mai shayi, ana jin ta a wayoyin samarin da ba a ma haife su ba lokacin da ya bar duniya.

Abin da ya yi wuyar gani shi ne mutanen da ke bayan muryar: masu kalangu, 'yan amshi, da sanƙiran da ke shelar wanda ya yi kyauta. Su ne tawagar. Idan jagora ya kwanta dama, ko tawaga ta watse, akwai amfanin a sake tara ta? Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da wannan tambaya ba. Tsofaffin mawaƙan rok na Ingila sun shafe shekaru suna jayayya a kanta, kuma amsoshinsu na da abin dubawa ga Daura.

Waƙar ba ta mutum ɗaya ba ce

A kan faifai ko kaset, suna ɗaya ake rubutawa. A fili kuwa aikin na mutane da yawa ne.

Jagora ne ke fara gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya riƙa jero ɗiyan waƙar ɗaya bayan ɗaya. Amshin nan ba ado ba ne kawai. Shi ke bai wa jagora damar numfasawa da tunanin abin da zai faɗa a gaba.

Shata ya shahara da ƙaga waƙa nan take, a gaban jama'a, ba tare da takarda ba. Ya waƙe sarakuna da attajirai, ya waƙe noma da ƙasashen da ya ziyarta, har da kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa duniyar wata a 1969. Waƙoƙin sun yi yawan da ba a tantance adadinsu ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Sai dai mai ƙaga waƙa nan take ba ya iyawa shi kaɗai. Dole makaɗansa su san inda zai tsaya da inda zai ja, su gane daga kallo ko ɗaga hannu cewa za a sauya. Wannan fahimtar juna ba a samun ta a mako guda. Shekaru ake yi ana tafiya tare, daga biki zuwa biki.

Shi kansa kalangu sai an koya. Ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, wadda tsarkiya ta haɗa fatun bakunanta. Makaɗi na rataya ta a kafaɗa, ya matse tsarkiyar ko ya sassauta, sai sautin ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, gwanin kalangu na iya kaɗa taken mutum, waɗanda suka sani su ji sunan ba tare da an buɗe baki ba. Wannan ilimi a hannu yake da kunne. Ba ya cikin littafi, kuma faifai ba ya koyar da shi duka.

Tsohon mawaƙin rok da ya ƙi komawa

A Ingila, babu wanda ake yawan kafa misali da shi a wannan batu kamar Robert Plant, mawaƙin tawagar Led Zeppelin, wanda aka haifa a 1948.

An kafa tawagar a Landan a 1968, mutum huɗu ne, kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan tawagogin kiɗan rok a duniya. A watan Satumbar 1980 makaɗin gangarsu, John Bonham, ya mutu. Ba su nemi wani makaɗin ba. A watan Disambar shekarar suka sanar cewa tafiyar ta ƙare.

Abin lura a nan shi ne wanda ya mutu ba mawaƙin ba ne, ba kuma mai jita ba ne. Mai ganga ne. Sauran ukun suka ga cewa in babu hannunsa, kiɗan ya zama wani abu dabam.

Sun ɗan haɗu a wasu taruka daga baya, amma babbar haɗuwar ita ce ta ranar 10 ga Disambar 2007 a zauren O2 da ke Landan, inda ɗan marigayin, Jason Bonham, ya zauna a mazaunin mahaifinsa. An samu buƙatun tikiti kimanin miliyan 20 a kan wasan dare ɗaya.

Duk mai lissafin kuɗi ya san abin da ya kamata ya biyo baya: zagayen duniya. Plant ya ƙi. An yi ta tambayar sa a hirarraki shekara da shekaru, matsayinsa bai sauya ba. Ya fi son ya yi sabon aiki a kan ya koma yana maimaita abin da ya yi yana saurayi. A shekarar 2007 ɗin ya fitar da kundin waƙoƙi tare da mawaƙiyar Amurka Alison Krauss, wanda ya ci kyaututtukan Grammy biyar a 2009.

Kafin nan ma, a 2003, ya zo Afirka ta Yamma ya yi wasa a bikin kiɗan hamada na Essakane, kusa da Tumbuktu a ƙasar Mali. Mutumin da ya ƙi komawa tsohuwar tawagarsa bai ƙi zuwa ya saurari makaɗan Sahel ba.

Waɗanda suka dawo

Ba kowa ne ya bi ra'ayin Plant ba. 'Yan'uwan nan biyu na birnin Manchester, Noel da Liam Gallagher, sun wargaza tawagarsu ta Oasis a 2009 saboda rigimar da ke tsakaninsu. A watan Agustan 2024 suka sanar da sulhu, suka fara wasa a Cardiff ranar 4 ga Yulin 2025, filayen ƙwallo suka cika maƙil. Su dai duka jagororin na raye, abin da ya raba su faɗa ne ba mutuwa ba.

A Afirka akwai misalai biyu da suka fi kusa da halin da tawagogin Hausa ke ciki.

Na farko shi ne Orchestra Baobab ta Dakar a Senegal, wadda aka kafa a 1970. Sabon salon kiɗan mbalax na su Youssou N'Dour ya janye mata masu sauraro, har ta watse a 1987. Mai jitarsu, Barthélemy Attisso, ya koma Togo yana aikin lauya. A 2001 aka sake tara su, kuma a 2002 suka fitar da kundi, Youssou N'Dour na cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Wanda salonsa ya ture su, shi ne ya taimaka aka dawo da su.

Na biyu a Legas yake. Da Fela Kuti ya rasu a watan Agustan 1997, tawagarsa ta Egypt 80 ba ta watse ba. Ɗansa Seun, mai shekara 14 a lokacin, ya tsaya a gaba, tsofaffin makaɗan ubansa na bayansa. Ya fara da waƙoƙin mahaifinsa, daga baya ya shiga yin nasa, har kundinsa na 2018 ya shiga takarar Grammy.

Abin da ya haɗa misalan biyu a bayyane yake. An riƙe makaɗan, an kuma ba su sabon aiki. Ba a tsaya ga kwaikwayon jiya kawai ba.

Gado a ƙasar Hausa

Bahaushe ya daɗe da nasa tsarin, wato gado. Kiɗan fada musamman sana'ar gida ce. Yaro na tashi yana ɗaukar kayan kiɗa, ya shiga amshi, ya riƙe ƙaramar ganga, kafin wata rana ya tsaya a gaba.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin kotso daga ƙasar Zamfara, misali ne. A gidansu ya gaji kiɗa, ya yi aiki a ƙarƙashin mahaifinsa da yayansa kafin ya zama jagora, kuma 'ya'yansa na cikin tawagarsa. Sarkin Daura Muhammadu Bashar na cikin sarakunan da ya waƙe. Bayan rasuwarsa a 1991, zuriyarsa ta ci gaba da kiɗan.

Shata kuwa ba ɗan gado ba ne. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, shi ya ɗauko abinsa da kansa. Duk da haka ɗansa Sanusi ya bi sawunsa, yana rera waƙoƙin da kalangu.

Akwai kuma waɗanda tafiyarsu ta rufe babi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa, babu tawagar da za a sake tarawa. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana da matan da ke kaɗa mata ƙwarya suna amshi, amma sunanta ne ke jawo gayyata.

Nan ne matsalar magaji take. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, sai dai masu biki ba sabuwar waƙa suke nema a wurinsa ba. So suke ya yi musu wadda suka sani, da irin muryar da suka sani. In ya kwaikwaya daidai, a ce ai kwaikwayo ne. In ya kauce, a ce bai kai uban ba. Su kuma mutanen da aka yi wa waƙoƙin, sarakuna da attajiran wancan zamani, akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma da su ne kyautar mota da doki da kujerar Makka ta tafi.

Da fiyano ya shigo

A shekarar da Shata ya rasu, 1999, aka fitar da fim ɗin Sangaya a Kano. Waƙarsa ta game Arewa, kuma kiɗan da fiyanon Yamaha aka yi shi, wanda ke fitar da sautuka masu kama da na kayan kiɗan gargajiya. Daga nan situdiyo ya zama sabuwar makarantar waƙa.

Lissafin mai sauƙi ne. Tawagar mutum goma na buƙatar mota da abinci da masauki, sannan a raba abin da aka samu. A situdiyo mutum ɗaya ne ke zama gaban fiyano da kwamfuta ya haɗa kiɗan duka. Ranar biki kuma sai a kunna waƙar a lasifika, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bin ta da baki, ana yi masa liƙi.

Ba daidai ba ne a ce wannan zamani bai haifar da gwanaye ba. Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Naziru M. Ahmad da Ali Jita da Hamisu Breaker duk sun sami masu sauraro har a wajen Najeriya. Situdiyo ya buɗe ƙofa ga matasan da ba su fito daga gidan kiɗa ba, ya kuma bai wa mata da yawa dama. Fasahar tsara baiti ba ta mutu ba.

Fada ma ta karɓi sabon salon. A 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa. A 2025 Sarkin Daura Alhaji Faruk Umar Faruk ya bai wa Dauda Kahutu Rarara sarautar Sarkin Waƙar Ƙasar Hausa. An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Abin da ya faɗi a tsakani shi ne makaɗi. Mawaƙi ya sami situdiyo da YouTube da TikTok. Mai kalangu da mai kotso da ɗan amshi ba su sami komai ba, domin na'ura ta karɓe gurbinsu. Ɗan makaɗin da ya ga ubansa na zaune babu gayyata, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi tuƙa babur ko gyaran waya. Ga kallon raini da wasu ke yi wa roƙo, ga matsalar tsaro da ta rage tafiyar dare da bukukuwan ƙauye a sassan Jihar Katsina.

Akwai kuma asarar da ke shafar waƙar kanta. Kiɗan da aka riga aka naɗa ba ya jiran kowa. Idan wani babban baƙo ya shigo fili ana tsakiyar wasa, mawaƙi mai tawaga zai iya juya waƙar ta koma kansa nan take. Mai bin lasifika sai dai ya dakatar da na'ura.

A ƙetaren iyaka

Daga Daura zuwa iyakar Jamhuriyar Nijar ta Kwangwalam tafiya ce gajeriya. A can, kiɗan tawaga da ake yi ido da ido bai ja da baya haka ba.

Bombino na Agadas da Mdou Moctar sun ɗauki jita mai lantarki suna zagaya Turai da Amurka da makaɗansu, har masu sharhi na sanya kiɗansu a sahun rok. Bombino ya shiga takarar Grammy ta 2019. A Yamai, tawagar Tal National ta yi suna da yawan wasanni a gaban jama'a, kuma Hausa na cikin harsunan da take waƙa da su. Gasar kiɗa ta ƙasa da ake kira Prix Dan Gourmou, sunan wani tsohon mawaƙin Hausa na Tawa aka sa mata.

Labarin da ya fi dacewa da batun shi ne na Malam Maman Barka, makaɗin gurmi da aka sani da waƙoƙin Hausa. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi gaɓar Tafkin Chadi ya zauna wurin Boukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar na Buduma masunta. Ya koya, dattijon ya rasu, Barka ya kai biram har Turai kafin shi ma ya rasu a 2018.

Barka bai je don ya zama Boukar Tar ba. Ya je ne don hannun ya wuce zuwa wani hannun tun mai shi na da rai.

Abin da Daura ke da shi

Daura na da abin da garuruwa da yawa suka rasa, wato wurin da kiɗan hannu ke da aikin yi har yanzu. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, kowace da hakimanta da dagatanta. Ana hawan Sallah ƙarama da babba, ana kuma Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, wadda Daura ta yi fice da ita.

A ranar hawa babu fiyanon da zai maye gurbin tambari da kakaki da algaita. Dole mutum ne zai busa, mutum ne zai kaɗa, yana tafe tare da doki. Da UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, ba dawaki da rawuna kaɗai ta karrama ba, har da masu busa da kaɗe-kaɗen da ke tare da su.

Sai dai hawa sau uku a shekara ba ya ciyar da gida. Kuma kalangu irin na Shata ba kiɗan fada ba ne, kiɗan jama'a ne, don haka ba shi da rumfar da fada ke bai wa makaɗanta.

An yi aiki a kan tarihin manyan mawaƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi rubuce-rubuce a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, kuma a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihin Shata mai suna Shata Ikon Allah. Akasarin hankali dai a kan jagorori yake. Waɗanda suka tsaya a bayansu ba su sami irin wannan kulawa ba.

Ga ayyukan da ba su fi ƙarfin jiha da masarauta ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan nazarin Hausa na jami'o'i za su iya bin sawun tsofaffin makaɗa da 'yan amshin da suka rage, a ɗauki hirarsu da hoton bidiyon hannayensu suna kaɗawa, a rubuta taken da suka sani da ma'anarsa. Za a iya ware dare ɗaya a makon Sallar Gani don kiɗan tawaga zalla, babu lasifikar da ke rera waƙa a madadin mutum. Mawaƙan situdiyo masu hali kuma za su iya yin abin da Youssou N'Dour ya yi wa Baobab: su ɗauki masu kalangu na gaske cikin sababbin waƙoƙinsu, su biya su, su ambaci sunayensu.

Ƙin da Robert Plant ya yi na da hujja. Babu wanda zai dawo da Shata, kuma duk tawagar da aka tara don ta yi kamar yana nan, inuwa za ta zama. Amma misalin Egypt 80 da na Maman Barka sun nuna cewa akwai wata haɗuwar da ba ta kwaikwayo ba ce, wadda ake tara tsofaffin hannaye don su koyar, su kuma yi sabon aiki da sabuwar murya.

Wanda ya riƙe wa Shata kalangu yana ɗan shekara 30 a 1999, yau ya doshi 60. Waɗanda suka bi shi tun zamanin garmaho sun fi haka nisa. Faifan zai jira, su ba za su jira ba.